Jaki Mai Jan Ƙafar Hagu

Mai shara ce ta tsinci gawar da safe, a gindin matakalar da ke hawa ɗakin majigi. Sai da ta ƙarasa sharar harabar tukuna, don a ganinta wanda ya mutu ba sauri yake yi ba, sannan ta kira mai silima, shi kuma ya kira caji ofis.

Sufeto ya iso, Sajan na biye da shi. Silimar tsohuwa ce, irin wadda mutum zai wuce ya ce ashe har yanzu tana nan. A bakin ƙofa an liƙa fosta ta makon gajerun finafinai, na masu yi da ƙarfin kansu ba kamfani. Akwai na gaskiya a kan babbar kwatar unguwa, akwai na soyayya da ba a magana a cikinsa, akwai na zane mai motsi. Yau ne ya kamata a buɗe.

"Wane ne?" in ji Sufeto.

"Fensir," in ji mai silima, wani mai tumbi da tuni gumi ya jiƙa masa wuyan riga. "Haka kowa ke kiransa. Shi ya yi na zanen. Shekara da shekaru yana zana shi da hannu, hoto bayan hoto."

"Ya gama?"

"Ya gama."

"To ya fi yawancinmu."

Sufeto ya tsuguna. Saurayi ne siriri, yatsunsa baƙi da tawada. Ƙeyarsa ta bugi gefen matakala, wuyan ya juya inda bai saba juyawa ba. Babu sara, babu suka.

Ya ɗaga kai ya dubi matakalar. Mai shara ta daina hawa tun da gwiwa ta fara damunta, don haka ƙura ta kwanta a kai. Akwai sawun takalma iri-iri, amma ɗaya ya fita daban. Ƙafar dama ta taka sosai, ta hagu ta ja layi a ƙurar. Haka wajen hawa, haka wajen saukowa.

"Su wa suka shigo nan jiya?"

"Gwaji kawai aka yi da yamma, don a ga ko na'urar za ta yi. Daga shi sai editansa mai haɗa masa fim, Almakashi, sai yarinyar da ta yi fim ɗin kwata. Mai na soyayyar bai zo ba, ya ce ba zai iya sake kallonsa ba. Da aka tashi na zagaya ko'ina, na kulle."

"Ka zagaya ko'ina."

"Ko'ina, yallaɓai."

"Ka tsallake gawa, ka kulle."

Mai silima ya goge goshi. Daga baya ya yarda cewa tun kafin a kunna majigi ya bar wa Fensir makulli ya fita. Wasu mutane ne suke son mayar da ginin ma'ajin katifu, ya je ganinsu. Ya roƙi kada a gaya wa 'yan fim, saboda suna da saurin kuka.

"Amma akwai abin da na ji kafin in fita," ya ce, ya rage murya. "Almakashi na tsaye a nan yana waya. Na ji da kunnena ya ce wallahi sai ya yanka shi, ko yana so ko ba ya so. Na ma gaya wa Oganku da na kira."

Sufeto ya rufe ido na ɗan lokaci. Ya san abin da zai tarar a ofis.

Ya kuwa tarar. An riga an ɗauko Almakashi, an cire masa bel da takalmi, an tura shi bayan kanta. Oga na zaune a ƙarƙashin fanka, cikin farin cikin mutumin da aiki ya zo masa a dafe.

"Mutum sunansa Almakashi," in ji Oga. "Ya rantse zai yanka. An wayi gari da gawa. Me kuma kake nema?"

"Ba a yanka gawar ba, Oga."

"Niyya ake dubawa. Gobe da safe ka kai shi kotu."

Sufeto ya san ma'anar kotu a irin wannan. Alƙali zai ɗage sauraro, a wuce da mutum gidan yari ya jira. Ya san waɗanda suka shiga jiran da baƙin gashi, yanzu 'ya'yansu ne ke kai musu jikoki su gani.

"Ba ni zuwa yamma," ya ce.

"Na ba ka. Ka ɓata ta yadda kake so."

Almakashi ɗan gajere ne mai tabarau, yana riƙe da ƙugun wando da hannu ɗaya don kada ya faɗi. Sufeto ya nuna masa benci.

"An ji ka ce za ka yanka shi."

"Yanke na ce, yallaɓai. Ba yanka ba."

"Oga zai ce harafi ɗaya ne."

"Aikina ke nan. Ana kawo mini fim, in yanke abin da bai kamata ba, in haɗa sauran. Shi ya sa ake ce mini Almakashi. Ko kaza ba na iya yankawa, matata ke kai wa maƙwabci."

"Wa za ka yanke?"

"Jakin. Jaki ne jarumin fim ɗin. Akwai wurin da yake kuka a ƙarshe. Na ce a cire, Fensir ya ce sai dai a cire ni."

"Don me kake son a cire?"

Almakashi ya gyara tabarau. "Ya yi tsawo."

"Fim ɗin da kafin shayi ya huce an gama shi, kuma ya yi tsawo."

"Haka na gani."

"Da wa kake wayar?"

"Da wani aboki. Ƙorafi kawai nake."

"Wa kuma ya shiga kallon jiya, ban da ku uku?"

"Ba kowa."

"Ka tabbata?"

"Ni tun kafin a kunna fitilu na fita. Ban ga komai ba."

Sufeto ya dube shi. Ya sha ganin masu ƙarya don su fita daga bayan kanta. Wannan yana ƙarya ne don ya zauna a ciki, kuma irinsu sun fi ba da wahala.

"Ka san inda za a kai ka gobe?"

"Na sani."

"To ka riƙe wandonka da kyau."

Gidan marigayin ɗaki biyu ne a saman wani shagon gyaran waya. Falon ya cika da dangi, kowa ya yi shiru irin na mutanen da suka gama faɗin abin da ake faɗa. A lungu akwai tebur mai gilashi da fitila a ƙarƙashinsa, takardu sun taru a kai har sun kusa taɓa silin.

Matar marigayin ta fito da jariri a kafaɗa. Idonta a bushe yake.

"Kin taɓa kallon fim ɗin?" in ji Sufeto.

"Ban kalla ba. Shekaru na yi ina zaune da bayan mutum. Ga teburin can, ga bayansa, ga ni. In na yi magana ya ce saura kaɗan. In ba ya kan tebur, to yana bin Kawu da kyamara."

"Wane Kawu?"

Ta nuna da haɓa. A babbar kujera wani dattijo ne zaune, fari tas gemunsa, an lulluɓe masa ƙafafu da mayafi. Wan mahaifiyar marigayin ne, shi ya rene shi. Bai tashi ba, amma ya miƙo hannu da isa, kamar mai karɓar baƙi a ofishinsa.

"Ka gafarce ni, ɗana, jiki ya ƙi." Muryar ta cika falon, mai kauri, mai daɗi. Kafin ya ci gaba ya kama fatar kunnensa ya ja sau biyu, ya yi gyaran murya. "Wataƙila ka san muryar. Na yi wasan kwaikwayo a rediyo tun kana rarrafe. Na yi sarki, na yi alƙali, na yi ɓarawo. Fuskata ce kawai ba wanda ya taɓa gani."

"Ana cewa yana bin ka da kyamara, Baba."

"Ni ne jarumin fim ɗin." Ya sake jan kunnen. "Ya ce mini Kawu, lokaci ya yi da za a gan ka a babban allo. Ya ce kada in yi wasa, in yi rayuwata kawai, shi zai ɗauka."

"Na ji an ce fim ɗin zane ne."

"Zai haɗa ne. Zane a baya, mutum a gaba. Haka na fahimta."

"Ka gan shi?"

"Yau ne zan gani, tare da kowa. Jiya ko ƙofar gida ban leƙa ba."

"Har sabuwar riga ya ɗinka," in ji wata matashiya da ke tsaye a bayan kujerar, idonta ja. "Fara sol. Yallaɓai, maigidana kuka kama. Bai yi komai ba. Shi da marigayi Yaya tare suka taso."

Sufeto ya dube ta, ya dubi dattijon. "'Yarka ce, Baba?"

"Ita kaɗai gare ni."

"Ashe Almakashi surukinka ne."

"Yaron kirki," in ji Kawu, yana kallon mayafin da ke kan gwiwarsa.

Sun sami mai fim ɗin kwata a wani ɗan ɗaki da ta kira ofis, tsakanin wayoyi da kwalayen fitila. Doguwa ce mai saurin magana. Kafin Sufeto ya zauna ta riga ta saita kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku.

"Ba damuwa in ɗauka, ko?"

"Akwai damuwa. Kashe ta, Malama."

Ta kashe, da fuskar wadda aka ƙwace wa abinci.

"Su wa suka kalli gwajin?"

"Ni da Almakashi a tsakiya. Fensir na sama wajen na'ura. Shi ke nan."

"Shi ke nan."

"Iyakar abin da na gani."

Sufeto ya leƙa allon kwamfutarta. Ta buɗe sabon aiki, har ta raɗa masa suna: Mutuwa a Silima.

"Malama, wanda kike ajiyewa don fim ɗinki, ni yau nake buƙatarsa. In an jira ki gama, wanda ke bayan kanta zai kalle shi da furfura."

Ta murɗa zoben hannunta.

"An fara nawa," ta ce. "Ana cikin nuna kwata sai na ji an buɗe ƙofa, wani ya shigo cikin duhu ya je layin gaba ya zauna. Na ji daɗi, na ce yau na samu ɗan kallo. Ban ga fuskarsa ba. Farar riga dai na gani, tana ɗaukar hasken allo."

"Sai kuma?"

"Sai aka sa na Fensir. Na yi dariya har cikina ya yi ciwo. Mutumin ma ya yi, da farko. Dariya mai kauri. Can sai na daina jin ta. Almakashi kuwa ya leƙa gaba sau ɗaya, ya tashi ya fita kamar an kira shi. Ni ma da aka gama na tafi, don kada Fensir ya sauko ya tambaye ni ra'ayina. Ba na son in ce masa ya fi nawa."

"Ya fi?"

"Nesa ba kusa ba." Ta ja tsaki. "Kuma bai iya zana tafiya daga kansa ba, ka sani. Ba wanda ya san haka sai mu. Mutum yake ɗauka a kyamara, ya haska hoton ta ƙarƙashin gilashi, ya ɗora takarda ya bi layin jikin. Sai ya sa masa kunnuwa da jela. Shi ya sa dabbobinsa suke kamar ka san su."

Sufeto ya miƙe. "Sajan, mu je silima. Yau gwamnati za ta kai mu kallo."

Mai silima da kansa ya kunna musu. Su biyu suka zauna a tsakiyar ɗaruruwan kujeru da ke warin tsohon soso.

Allo ya yi fari, sannan layukan fensir suka fara motsi. Wani tsohon jaki ya fito yana tafiya da ƙafa biyu, sanye da riga. Yana taka dama, yana jan hagu. Ya shiga layin asibiti, kaji suka tsallake shi. Ya tsaya gaban wani akwatin rediyo da ya mutu, ya buɗe baki zai yi jawabi. Kafin ya fara ya kama dogon kunnensa ya ja sau biyu, ya yi gyaran murya. Abin da ya fito kukan jaki ne.

Sajan ya fashe da dariya, ya dafe kujerar gaba.

Jakin ya ci abinci shi kaɗai, ya yi barci a kujera baki buɗe, ya gai da mutanen da ba su amsa ba. Duk abin da ya yi akwai ban dariya a ciki, kuma babu wanda aka ƙirƙira. Sufeto ya ga haka tun kafin a yi nisa.

A ƙarshe jakin na zaune a ƙasa, a wani dogon baranda. An gungura wani gado lulluɓe da farin ƙyalle an wuce da shi. Jakin ya ɗauki takalminsa ɗaya zai sa. Ya sa a kofaton da ba na takalmin ba, ya cire, ya sake sawa a nan ɗin dai, ya sake cirewa. Sai ya rungume takalmin a ƙirji, kafaɗunsa suka fara rawa, kunnuwan na kaɗawa.

Sajan na share hawayen dariya. "Kai, wannan yaro ya iya. Yallaɓai, ka ga kunnen?"

"Na gani. Je ka ɗauko mini Kawu. Ka ce sa hannu kawai zai yi. Kada ka kawo mota bakin ƙofa, ka tsaya a nesa."

A caji ofis akwai dogon baranda daga kanta zuwa ɗakin tambayoyi. Sufeto ya ɗauko kujera ya zauna a can ƙarshensa, ya bar ƙofa a buɗe.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka iso. 'Yar na riƙe da kular abincin mijinta, uban na gefenta. Ya taka dama. Ya ja hagu, takalmin na gogar siminti. Ya taka dama. Sufeto ya kalle shi tun daga farkon barandar har ƙarshe, kuma dattijon ya ga ana kallonsa. A tsakiyar hanya ya yi ƙoƙarin ɗaga ƙafar. Ta ƙi.

Sufeto ya sa 'yar ta zauna a benci a waje, ya ja ƙofa. Ƙofar ba ta rufuwa sosai, kamar yawancin abubuwan ofishin.

"Zauna, Baba."

Kawu ya zauna. Hannunsa ya tashi zuwa kunne, ya tsaya a hanya, ya koma kan gwiwa.

"Ka kalla," ya ce.

"Na kalla."

"Ka yi dariya?"

"Sajan ya yi."

"Yana da kyau ai. Yaron ya iya." Ya ɗago ido ya dubi Sufeto. "In na ce ban je ba fa?"

"Sai in ce sawunka na kan matakala. Sai ka ce masu jan ƙafa suna da yawa a gari. Sai Oga ya ce in daina ɓata masa lokaci. Gobe a kai surukinka kotu. Ya gan ka jiya, Baba, ya ƙi faɗa. Zai ci gaba da ƙin faɗa har haƙoransa su zube a can."

Dattijon ya daɗe yana kallon bango. Da ya fara magana, muryar ta ragu, ta zama ta tsoho kawai.

"Na kasa jira ne. Na ce bari in je in gani tun kafin mutane, don in san inda zan sunkuyar da kai in an tafa. Na sa sabuwar rigar don in ji yadda za ta zauna mini a kujera.

"Jaki ya fito. Na yi dariya tare da su, ina jiran a zo wurina. Ya ja ƙafa, ban gane ba. Mutum bai san yadda yake tafiya ba, ɗana. Ya ja kunne, na ce wannan jaki akwai iyayi. Sai da ya zauna da takalmin.

"Ranar da uwar yarinyar nan ta rasu ke nan. A barandar asibiti. Ban san akwai kyamara ba. Ni kaina ban san na yi haka da takalmi ba, sai jiya."

"Sai ka hau sama."

"Da kowa ya fita. Na same shi yana naɗe wayar na'ura, yana murmushi. Ya ce Kawu, ka zo da wuri, ka ɓata mini mamakin. Na ce ka cire wurin nan. Ya ce ai ba wanda zai gane. Na ce ni na gane. Na ce duk wanda ya taɓa ganina na tsallaka titi zai gane. Na gayyaci mutanen layinmu kaf, har da mai wanki."

"Me ya ce?"

"Ya dafa kafaɗata. Ya ce Kawu, duk shekarun da ka yi kana wasa ba ka taɓa yin wanda ya kai wannan ba, don nan ne kaɗai ba ka san ana kallonka ba." Ya dubi tafin hannunsa. "Da ƙarya ya yi, da na haƙura. Yana tsaye a bakin matakala. Hannu ɗaya na sa."

"Da ka sauko yana numfashi?"

"Ban duba ba. Na tattare rigata don kada ta taɓa shi, na wuce, na ja musu ƙofa."

Sufeto ya rubuta, ya juya takardar, dattijon ya sa hannu da kyakkyawan rubutu irin na mutanen da.

Aka buɗe bayan kanta. Almakashi ya fito yana zura bel, yana ƙifta ido. Matarsa na tsaye a barandar, kular na hannunta. Ta ji komai ta bakin ƙofar.

"Ranar da Mama ta rasu," ta ce, ba ta ɗaga murya ba, "Yaya na ciki wajen likita, yana karɓar takardu. Na tuna, don ni na aike shi. Wa ya riƙe kyamarar a baranda?"

Almakashi ya buɗe baki.

"Na so in yanke," ya ce.

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ya sauke ido ƙasa, ta ga amsar a fuskarsa: shi ne. Ta miƙa wa Sajan kular, ta ce a ba mahaifinta in ya ji yunwa, ta juya ta fita. Almakashi ya tsaya da takalmi a hannu, an sake shi, ba wanda ya ce masa ya biyo.

Oga ya fito daga ofis yana karanta bayanin, yana gyaɗa kai. Bai ji haushi ba. Suna ɗaya ne kawai za a sauya a fayil, ranar kotu na nan yadda take.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Sufeto, ka aika a karɓo fim ɗin daga silima, yanzu shaida ne. Dole alƙali ya gani, in ba haka ba ba zai fahimci dalili ba. A nemi majigi a kai kotu. A nuna shi tun daga farko har ƙarshe, kada a cire komai."

Kawu na tsaye, wani Kofur na riƙe da ankwa a gefensa, ya rasa ko ya sa ko ya bari.

"A kotu za a nuna?" in ji dattijon.

"Doka ce, Baba," in ji Oga, ya koma ƙarƙashin fankarsa.

Kawu ya juyo ga Sufeto. "Ina zan kasance lokacin?"

"A akwatin wanda ake tuhuma."

"Kusa da allon."

"Kusa da shi."

"Mutane na zuwa?"

Sufeto ya so ya yi ƙarya, amma ya gaji, kuma ranar ta riga ta cika da ita.

"In shari'ar kisa ce, har a taga ake tsayawa."

Dattijon ya gyaɗa kai a hankali. Ya miƙa hannayensa biyu, Kofur ya sa ankwar, ya kama shi a gwiwar hannu suka nufi bayan kanta.